Intanet na wata huɗu a gidan haya a Danbare: me za mu ɗauka?

Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Mu huɗu ne 'yan ajin ƙarshe a BUK, mun kama gida mai ɗaki biyu da falo a Danbare. Hayarmu za ta ƙare nan da wata huɗu, daidai lokacin da za mu miƙa furojet, daga nan kowa ya kama gabansa. Yanzu kowa daga wayarsa yake jona kwamfuta, kuma tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025 abin ya yi mana nauyi. Biyu daga cikinmu ilimin kwamfuta suke karantawa, kullum cikin sauke manyan manhajoji suke, ni kuma malamin da ke duba aikina ta Zoom muke ganawa duk mako. Muna so mu haɗa kuɗi mu sa intanet ɗaya a gidan, amma mai gida ya ce kar a huda masa bango, wuta kuma ba kullum ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu shawara.

Abba Kabuga:
Wa alaikumus salam. Ku haɗa kuɗi ku sayi Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, kawai ku huta. Tun 2023 yake aiki a Najeriya, kuma ba ruwansa da ƙarfin sabis na unguwa.

Injiniya Bashir:
Abba, a gidan da mutum zai shekara uku ko huɗu da na yarda da kai. Amma kuɗin kayan kaɗai ya kai dubban ɗaruruwa, ga na wata-wata, ga shi farantin sai an kafa shi a inda yake kallon sarari, mai gida kuwa ya riga ya yi magana. Kuma yana jan wuta watt 50 ko fiye, in an ɗauke sai da babban batir. Wata huɗu bai kai a yi wannan ɗawainiya ba. Haka ma wanda ake jawo waya har cikin gida, kuɗin haɗawa ba ya dawowa, kuma ba a tafiya da shi.

Sadiq ƙanena, abin da ya dace da ku rauta ce mai cin layi, wato na'urar da ake sa wa layin waya ta raba intanet ta Wi-Fi. Amma kar ku sayi komai tukuna. Ku fara samo layukan MTN, Airtel, Glo da duk wanda ke hannunku, ku gwada su a cikin gidan, ba a bakin titi ba. Ku buɗe fast.com, shafin da ke auna gudun intanet, a falo, a kowane ɗaki, da kuma jikin taga. Ku yi da safe, ku sake yi tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11 na dare. Na daren shi ne gaskiya, don a lokacin duk ɗaliban unguwa sun dawo sun hau turken sabis ɗaya. Na sha ganin layin da ke gudu kamar iska da hantsi, da dare ko hoto ya kasa buɗewa. Ku yi haka kwana uku ku rubuta abin da kuka gani. Kar ku bi maganar wani cewa layi kaza ya fi kyau a Kano, domin gida biyu a lungu ɗaya ma suna iya bambanta, ya danganta da inda turken yake da kaurin bangon.

Batun 5G, MTN ya fara tun 2022 kuma Kano na cikin biranen farko, sai dai ba kowace unguwa ya kai ba, kuma bango yana rage masa ƙarfi. In wayar wani cikinku mai 5G ce, ku duba ko tana kamawa a cikin ɗaki. In ba ta kamawa, kar ku kashe kuɗi a rautar 5G, ta 4G ta ishe ku.

Sannan rauta iri biyu ce. Wadda kamfanin layi ke sayarwa ta fi sauƙin kuɗi, wani lokaci har da data a ciki, amma layinsu kaɗai take ci. Buɗaɗɗiya, irin su TP-Link ko Huawei, ta fi tsada amma kowane layi ka sa mata za ta karɓa. Ni ita na fi so muku, don in sabis ya lalace a tsakiyar zango sai ku sauya layi kawai, kuma ta fi saurin samun mai saye in kun gama. Akwai su a Farm Centre da titin Beirut. Ku tafi da layuka biyu a gwada a gabanku kafin ku biya.

Sadiq:
Allah ya saka da alheri Injiniya. To wuta fa? Ko MiFi, ƙaramar rautar nan ta aljihu, za mu ɗauka tunda tana da batir?

Injiniya Bashir:
MiFi ta mutum ɗaya ce ko biyu. Ku huɗu, kowa da waya da kwamfuta, na'ura takwas ke nan, za ta riƙa zafi, batirin kuma ya kumbura in kullum tana jone. Yawancin rautoci volt 12 suke amfani da shi, kuma ba su cin wuta sosai. Akwai ɗan ƙaramin UPS, wato batirin ajiyar wuta, da ake yi dominsu, yana riƙe ta awanni. Ku duba abin da aka rubuta a jikin cajar rautar, ku sayi wanda ya yi daidai.

Aunty Rukayya:
Ni ba na'urar ce ta dame ni ba, zaman ku ne. Mun yi irin wannan mu biyar lokacin da muke digiri na biyu, kuma abin da ya kusa raba mu shi ne data ta ƙare ranar 17 ga wata, kowa na cewa ba shi ba ne. Ashe kwamfutar ɗaya daga cikinmu ce ke sabunta kanta cikin dare, wata kuma ta ba maƙwabta lambar sirri saboda kunya. Ba mugunta a ciki, rashin magana tun farko ne.

Ku zauna ku yi yarjejeniya kafin a sayi komai. A sa ranar da kowa zai kawo kasonsa. Mutum ɗaya ya riƙe shiga saitin rautar, ya yi rajistar na'urorinku takwas, sauran a toshe. Kowace kwamfuta mai Windows a saita ta a matsayin intanet mai awo, don ta daina sauke abubuwa da kanta. Kallon ƙwallo kuma a faɗa wa juna gaskiya, wasa ɗaya da hoto mai kyau yana iya lashe GB 3, alhali awa guda ta Zoom ɗinka ba ta cika wuce GB 1 ba. Wanda zai kalla ya rage ingancin hoton ko ya koma datar wayarsa. Kuma ku yanke tun yanzu wa zai tafi da rautar in an gama, da nawa zai mayar wa sauran.

Musa Dorayi:
Ƙari a kan maganar Aunty, ku yi hattara da tsarin da ake cewa ba shi da iyaka. Yawanci akwai adadin da in kun kai za a rage muku gudu har ƙarshen wata. Na taɓa saye ban karanta sharuɗɗan ba, sai a makon da zan tura aikina gudun ya faɗi. Ku tambayi adadin kafin ku biya, kuma ku sayi na wata ɗaya tukuna ku ga yawan cinku, kar ku zuba kuɗin wata uku lokaci guda.

Malam Habibu:
Abu ɗaya ba a ambata ba. Layin da ke cikin rautar da NIN ɗin mutum ɗaya za a yi masa rajista, duk abin da aka yi da shi sunansa ne a kai. Wanda zai tafi da rautar shi ya kamata ya yi rajistar. In kuma sayarwa za ku yi, a zare layin, kar a haɗa da shi.

Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare mun fara gwajin. Layi ɗaya ya ba mu gudun Mbps 14 a jikin tagar falo, amma a ɗakin baya bai kai 2 ba, ɗayan kuma ko ina 5 yake bayarwa. Za mu ƙara kwana biyu kamar yadda Injiniya ya ce. Aliyu, ɗaya daga cikinmu, ya amince zai yi rajista da NIN ɗinsa, shi zai tafi da ita. Injiniya, in muka ajiye rautar a tagar falo, za ta kai ɗakin baya kuwa? Bango biyu ne a tsakani.

Injiniya Bashir:
Za ta kai in sha Allah. Ku ɗora ta a sama, kar a ƙasa ko bayan firji. In tana da Wi-Fi iri biyu, 2.4GHz da 5GHz, 'yan ɗakin baya su hau 2.4, shi ya fi ratsa bango. Ka turo min sakamakon kwana ukun mu duba tare kafin ku shiga kasuwa.