Kwikwiyo ya yi min fitsari a kafet, zarnin ya ƙi fita

Maman Halifa, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, kaina ya kulle. Muna zaune a Rumde Ajiya, gidan haya, ciki da falo. Cikin azumin bana ɓarayi suka hauro mana ta katangar baya wajen ƙarfe 3 na dare, suka kwashe babur ɗin ƙanin maigidana da tukunyar gas da wayoyi biyu da ke caji a bakin taga, har takalman yara ba su bari ba. Baban Halifa direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Kusiri, wani zubin sai in yi sati biyu ban sa shi a ido ba. Da ya dawo ya ji labari sai ya karɓo ɗan kwikwiyo wajen abokinsa, wai ya girma ya riƙa gadi. Na ce masa mu a gidanmu ba a taɓa kiwon kare ba, ya ce to in zaɓa, ko kare ko ɓarawo. Na ja bakina na yi shiru.

To yanzu abin ya yi fitsari a kafet ɗin falo. Kafet ɗin nan Innata ce ta sa min a kayan ɗaki, ɗan Turkiyya ne mai ruwan jinin kare, sai da ta sayar da tumakinta biyu kafin ta haɗa kuɗinsa, kuma ta rasu bara. Na wanke wurin ya bushe, kwana biyu lafiya lau, da aka yi ruwan shekaranjiya sai zarni ya taso kamar yanzu aka yi. Ga Hajiyar maigidana za ta zo daga Marwa ranar Juma'a, mace ce da ko kyanwa ba ta yarda ta taka mata shimfiɗa, kuma a falon take salla. Yaya zan yi?

Hajiya Mai Turare, Kusiri:
Allah ya jiƙan Inna. Ƙanwata kwantar da hankalinki, shekara 20 ina harkar kafet da turare tsakanin nan da Njamena, babu warin da bai biyo ta hancina ba. Ki sayi ruwan khal fari, ki haɗa shi da ruwan sanyi rabi da rabi, ki jiƙa wurin sosai. Bayan minti 15 ki ɗora tsohon tawul ki hau kai ki taka, kada ki dirje da buroshi, tura shi ciki kawai za ki yi. In ya sha iska ki barbaɗa bikarbonat, wato baking soda, har wurin ya yi fari, ya kwana, da safe ki share. Ki maimaita sau biyu. Daga nan sai kasko da turaren wuta mai kyau. Kafin Juma'a ko likitan hanci aka kawo ba zai ji komai ba.

Abban Sadik, Ngaundere:
Hajiya barka da ƙoƙari. Amma Maman Halifa ba ki faɗa mana sau nawa ya yi ba, kuma akwai soso a ƙarƙashin kafet ɗin ko kan siminti yake? Ni wankin mota da kafet ne sana'ata. Abin da kike gani a sama ɗan kaɗan ne, fitsarin ratsawa yake ya bazu a bayan kafet da soso, simintin ma ya sha nasa. Ruwansa ya bushe, gishirinsa ya zauna. Da rani ba za ki ji ba, amma watan Agusta a Garwa, ga Binuwai ta cika ga iska duk laima, gishirin nan zai ja danshi zarni ya dawo. Sai an ɗaga an wanke ta baya.

Maman Halifa:
Gaskiya ba sau ɗaya ba ne. Ranakun da ake ruwa da dare yara ke shigo da shi falo don kukansa, ni ban sani ba sai daga baya. Akwai soso siriri. Kuma ba zama na yi ba fa, na tafasa ruwa na zuba da Omo, na dirje, na bi da ruwan Javel, wato bilic, na turara har hayaƙi ya sa ni tari.

Anti Jamila, Marwa:
Subhanallahi. Ba turaren kaɗai ya sa ki tari ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, don Allah kada ki ƙara zuba Javel a kan fitsari. Tsohon fitsari yana fitar da amoniya, in ya haɗu da Javel sai ya ba da iska mai ƙona ido da maƙogwaro, balle ga yara a rufaffen ɗaki. Kuma tunda kin riga kin zuba, ki ɗauraye wurin da ruwa mai yawa kafin ki kawo khal ɗin da Hajiya ta ce, Javel da khal ma guba suke fitarwa. Ruwan zafin kuwa ƙara kama warin yake a jikin zare. An yi wa karen allurar haukan kare?

Maman Halifa:
Anti kaɗan na zuba, murfi biyu ne a bokiti, kuma taga a buɗe take. Haka muke wanke banɗaki kullum ba abin da ya same mu. Wurin dai ya ɗan koɗe, na ɗora tebur a kai.

Goggo Asabe, Garwa:
Ni abin da ya fi ba ni haushi mazan nan ne. Ya kawo kare ya ajiye ya hau mota ya yi Kusiri, ya bar ki da wahalar. Maƙwabcinmu a Yalwa haka ya tara karnuka uku, kullum da asuba sai sun bi ta kan tabarmar da na shanya, kajina huɗu suka cinye, na kai ƙara wajen mai unguwa aka ce in yi haƙuri. Shekara uku kenan ina haƙurin. Ki sa a mayar da shi inda aka ɗauko shi tun kafin Hajiya ta iso.

Maman Iman:
A garinmu kanwa ake jiƙawa da toka a shafa. Ko ki zuba kirezil, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, yana kashe kowane wari.

Hajiya Mai Turare:
Kanwa a kan kafet ɗan Turkiyya? Sai ta bar mata farin tabo ya ƙeƙashe kamar kilishin nama. Kirezil kuma sai falon ya koma kamar shagon likitan dabbobi, ga ɗan karen in ya lasa ya cutu. Ku bar yarinya ta yi abin da na ce. Shi kuma mai cewa a kai wanki, Allah ya kiyaye. Na taɓa ba wasu masu wankin mota kafet uku na wata amarya cikin damina, suka fesa musu ruwa da inji, rana ta ƙi fitowa, suka naɗe min su da danshi. Da muka warware a ɗakin amarya sai warin ruɓa, bayan duk ya yi baƙi. Ni na biya daga aljihuna, har yau uwar yarinyar ba ta amsa gaisuwata da daɗi.

Abban Sadik:
Hajiya wannan rashin iya aiki ne, mu rataye shi muke a kan ƙarfe ya tsane ta ƙasa. Ni ban ce ta kawo min ba, tsakaninmu tafiyar wuni ce. Ta ɗaga gefen kawai, ta yanke soson da ya sha fitsari ta jefar, ta wanke simintin ya bushe, ta sa kujera a ƙarƙashi ta kunna fanka. Khal ɗinki yana aiki, amma in ta jiƙa daga sama ba ta ɗaga ba, ƙarin ruwa ta kai wa soso.

Hajiya Mai Turare:
Ɗana, lokacin da na fara taɓa kafet kana goye.

Malam Abban Zahra, Njamena:
Ga ɓangaren tsarki, tunda an ce za a yi salla a wurin. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, amma fitsarinsa najasa ne. Wanki bakwai da mutane ke faɗa na ƙwaryar da ya sa baki ya sha ne, ba na shimfiɗa ba. Khal da sabulu suna gusar da ƙazanta amma ba sa tsarkakewa, dole a ƙarshe a kwarara ruwa zalla har ya fita bai canza ba. In an yi haka sauran warin da ya gagara an yi rangwame a kansa. Kafin nan, in an shimfiɗa darduma mai kauri mai tsarki a kan busasshen wurin, salla ta yi. Amma a sanar da baiwar Allah, kada a ɓoye mata. Karen gadi kuma waje ne wurinsa.

Maman Halifa:
Na gode Malam. Sanar da ita ɗin ne ba zan iya ba, ba ku san ta ba, cewa za ta yi na mayar da gidan ɗanta gidan arna. Ɗaga kafet kuma wallahi ba zai yiwu ba, kabet ɗina na kwanuka a kansa yake, sai maza huɗu, kuma ƙafarsa ɗaya a karye take da bulo na tokare. Simintin ƙasan ma duk ya farfashe, na yi wa mai gidan hayar magana tun shigowarmu ya ce in gyara a cire a haya, da na tambayi mai gyara sai mai gidan ya ce ba haka ya ce ba. Goggo batun mayar da kare kuma, tun da ya fara haushi nake samun barci. Halifa ma da shi yake wuni.

Goggo Asabe:
Au, yanzu kuma ke ce lauyarsa? Ba ke kika ce ba ki so ba?

Anti Jamila:
Har yanzu ba ki ba ni amsar allurar ba.

Maman Halifa:
Sai Baban Halifa ya dawo, shi ya san wannan. Hajiya, na sayo khal ɗin na zuba tun azahar, bikarbonat ne ban samu ba, mai shago ya ba ni yis na fanke ya ce duk ɗaya ne. Yanzu falon warin khal yake da zarni a haɗe, wurin ya ƙi bushewa, ga hadari ya taso ta gabas. Kuma yanzun nan Hajiyar maigidana ta bugo waya wai ta samu mota ranar Alhamis.

Hajiya Mai Turare:
Yis? Na ce miki yis? Ki koma farmasi ki ce bikarbonat. Ba ki bi yadda na tsara ba, kada gobe a ce maganin Hajiya ne bai yi ba.

Abban Sadik:
A ɗaga kafet ɗin nan.

Maman Iman:
Hajiya don Allah nawa kike ba da kwalbar humra yanzu, kuma kina aikowa Garwa?