Wa aka taɓa neman ra'ayinsa kan kasafin ƙaramar hukumarsu?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. To, idan sun zo, wa zai ce ga inda za a sa su? Duk wanda aka taɓa tuntuɓa a mazaɓarsa, don Allah ya ba mu labari.

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam. Mu a jihar Kaduna akwai tsarin CDC, inda al'umma ke jera buƙatunta bisa muhimmanci kafin a haɗa kasafi. Namu zaman a ƙofar gidan mai unguwa aka yi, bayan la'asar. Matasa suka ce filin ƙwallo, dattawa suka ce magudanar ruwa, don duk damina sai ta ci gidaje. Aka yi ta ja-in-ja har magariba, magudana ta zo kan gaba. Rabinta kawai aka gina, amma da bakinmu muka zaɓe ta, shi ya sa har yau matasan nan ke yashe ta ba a biya su ko sisi ba.

Maman Hafsat: Malam, mata nawa ne a zaman naku? Mu namu taron a sakatariya aka sa shi, da hantsi, lokacin da mace ke tsakiyar girki, ga kuɗin mota. Sai malamarmu ta Islamiyya ta tara mu bayan karatu, muka rubuta abu guda: a samo ungozoma mai kwana a asibitin mazaɓa. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Maza sun rubuta hanya da taransifoma, ba wanda ya tuna da wannan. Mun miƙa takardar, amma har yau ba a ce mana an karɓa ko an ƙi ba. Wannan shirun ya fi rashin aikin ciwo.

Malam Na-Zazzau: Gaskiyarki Hajiya, maza ne zalla.

Ɗan Maraɗi: A nan Nijar, tun watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. Shi ya sa da muke neman rijiya, ta hannun mai gari muka bi da maganar.

Tsohon Kansila: Hajiya, bari in faɗi abin da na gani daga ciki. Sau da yawa kafin a kira taro an gama rubuta kasafi, kuma albashi, musamman na malaman firamare, ya lashe mafi yawan kuɗin. Ku miƙa buƙata da wuri, kafin ƙarshen damina, da kwafi biyu, a buga muku hatimi a naku. In kasafi ya fito, ku nemi kansilanku ya nuna muku layin da aikinku yake.

Maman Hafsat: Allah ya saka da alheri, Baba. Namu kwafin ba hatimi. Za mu sake rubutawa ranar Asabar bayan karatu.