Abin da muka tsinta a hirar homosistin da ƙashi

Ranar Juma'a da yamma muka zauna a wani gida a Maradi, wata ma'aikaciyar jinya tana amsa tambayoyin mata kan ƙashin tsofaffi.

Ta ce homosistin wani sinadari ne da jiki ke samarwa idan ya sarrafa furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin abinci. Bitamin B12, B6 da folet ne ke rage shi a jini. Idan ya wuce maikuromol 15 (ma'aunin gwajin jini) a kowace litar jini, ya yi yawa. Illarsa ga ƙashi ita ce yana raunana kolajin, zaren da ke riƙe da alli a cikin ƙashi, kamar ramno a cikin tubalin ƙasa. Binciken da aka buga a 2004 daga Holan da Amurka ya nuna masu yawansa sun fi karaya.

Wata Hajiya ta tambaya ko ƙwayar bitamin ta wadatar. Amsar ta fi komai tsaya mini a rai: a wani gwaji a Holan, ƙwayar ta sauke homosistin, amma karaya ba ta ragu ba. Don haka aka fi nanata abinci. Wake, gyaɗa, zogale da alayyafo don folet, kuma kada a dafa ganye har ya narke. B12 kuwa sai hanta, nama, kifi, ƙwai da nono. Iyayenmu da ke rayuwa kan tuwo da kunu kaɗai su nake ji wa tsoro.

Mai ciwon ƙoda, ko mai shan metformin na ciwon suga, ya nemi likita ya auna masa jini. Mai shan taba ya bari.