Tankin guzuri: sunan da nake ganin ya dace da tanki na biyu

Jama'a, ku taya ni tsayar da wata kalma. Motocin da ke barin kwalta su shiga daji da rairayi, wasu ana ɗaura musu tanki na biyu a ƙarƙashi, wanda ake kira auxiliary tank da Turanci. Direba ya danna maɓalli, ɗan famfo ya turo mai daga cikinsa zuwa babban tanki. Wasu Land Cruiser ma da tanki biyu suke fitowa daga kamfani. Me za mu kira shi?

Jarka dai ta riga ta zama tamu, ba ta cikin wannan magana. Jamusawa suka ƙera ta a shekarun 1930, mai cin lita 20, sojojin Ingila suka sa mata jerrycan don Jerry suke kiran Bajamushe. Ku dubi hannayenta ukun nan: mutum ɗaya ya kama na tsakiya, mutum biyu su kama na gefe. Ga kuma sararin iska a samanta, don mai yana kumbura idan ya sha rana. Bakinmu ya goge sunan ya koma jarka, kuma ya zauna daram.

Wani ya ce rizab. Ban yarda ba. Rizab ɗin babur ragowar mai ne a gindin tanki guda, ka murɗa makunni ka lallaɓa zuwa gidan mai. Wannan kuwa tanki ne mai zaman kansa.

An kawo safaya, an kawo ko-ta-kwana. Duka biyun suna nufin abin da ke jiran ranar matsala, kamar tayar da ke rataye a baya. A nan ne nake ganin an kauce. Mai shiga rairayi ya san tun kafin ya tashi cewa taya za ta riƙa nutsewa, injin zai yi ta gurnani a ƙaramin giya, mota ta sha mai fiye da yadda take sha a kwalta. Ya ƙirga nisan da babu gidan mai, da zuwa da dawowa, ya ga tanki ɗaya ba zai kai ba. Man nan da niyyar ƙona shi aka ɗauko shi.

Shi ya sa na tsaya a kan guzuri: abin da matafiyi ke ɗauka don ya san ba zai samu a hanya ba. Tankin guzuri ke nan. Man da ke ciki, ko wanda ke cikin jarka, man guzuri.

Ku gwada a baki ku ji: "Malam, babban tanki ya yi ƙasa, buɗe na guzuri." Wanda kunnensa bai karɓa ba, ya kawo tasa mu auna.