Daga Alkahira zuwa Iskandariya: jirgin ƙasa ko mota?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina za mu yi mako guda a Alkahira, muna son mu ware yini ɗaya mu leƙa Iskandariya, mu ga babban ɗakin karatun nan da ganuwar Ƙaitbai mu dawo. Ba ma son ɗaukar shatar mota. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah yaya kuka yi?

Tsohon ɗalibin Azhar: Wa alaikumus salam. Malam, jirgin ƙasa za ku hau. Tafiyar kilomita 200 ce da 'yan kai, mai sauri yana cinye ta cikin awa biyu da rabi zuwa uku. Daga tashar Ramsis yake tashi, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma zai sauke ku a Shuhada, dab da ita. Amma a kula da irin jirgin, don ba duka suke ɗaya ba. Na taɓa ganin araha na faɗa wanda yake tsayawa a Banha, ya tsaya a Ɗanɗa, ya tsaya a Damanhur, har da ƙauyukan da ban san sunansu ba. Da hantsi na shiga, sai bayan azahar na ga teku. Layin dai tsoho ne, tun 1856 aka haɗa biranen biyu.

Hajiya mai jikoki: Abin da ɗana ya faɗa haka ne. Ƙarin da zan yi, a riƙe fasfo a hannu, saboda farashin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa. Kuma a ɗauki rigar sanyi ko da bazara ce. Na'urar sanyin taragon nan ba ta da tausayi, sai da na lulluɓe jikata da mayafina.

Mai ɗaukar hoto: Ni inda na sha kunya wajen sauka ne. Iskandariya tasha biyu gare ta: Sidi Jabir ce ta farko, sannan Mahaɗɗat Misr inda layin ya ƙare. Da jirgi ya tsaya na ga kusan rabin tarago sun miƙe, ni ma na suri jakata na bi ayari. Ina fita na tambayi wani dattijo mai sayar da jarida ina dandalin Rumawa na Kom al-Dikka, ya dube ni ya nuna bayan jirgin da ke tafiya. Ashe da na yi haƙuri na 'yan mintoci, da ƙafa zan taka daga tasha ta biyu. Wani abin ruɗarwa kuma, Misirawa ita ma tashar Ramsis Mahaɗɗat Misr suke ce mata, don haka in za ka yi tambaya ka haɗa da sunan gari.

Ɗan kasuwa: Ni ƙaramar bas na shiga ta hanyar hamada. Ba ta tashi sai ta cika, direba kuma kamar ana bin sa bashi. Mai iyali, ban ba ka shawara ba.

Tsohon ɗalibin Azhar: Gaskiyarka Alhaji. Manyan bas ɗin sun fi natsuwa, sai dai tashar Muharram Bek da yawancinsu ke sauke mutane tana da ɗan nisa da bakin teku, sai ka sake neman tasi.

Hajiya mai jikoki: Na manta, ku yanki tikitin dawowa tun a Alkahira. Lokacin zafi mutanen Alkahira can suke kwarara shan iskar teku. Mu da muka ce sai mun gama yawo, kujerun yamma duk sun ƙare, sai na dare muka samu, yara suna ta gyangyaɗi a kan jakunkuna.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Jirgin safe za mu bi, zuwa da dawowa. Hajiya, rigar sanyin ma ta riga ta shiga jaka.