Matsala bayan tiyatar dasa na'ura a mazakuta: a cire ko a ci gaba da shan magani?

Baban Khalifa, Jos:
Assalamu alaikum. Yayana mai ciwon suga ne, kuma an yi masa tiyatar dasa na'urar da ke taimaka wa masu raunin mazakuta a wani asibiti a Indiya, irin wadda ake matsa famfonta a cikin jakar maraina. Da farko ciwon ya lafa, amma yanzu, wajen wata guda da yin aikin, zafi ya dawo, wurin ya kumbura, fatar ta manne wa famfon, ga zazzaɓi da daddare. Shin maganin kashe ƙwayoyin cuta zai wadatar, ko kuwa dole sai an sake tiyata?

Likitan Mafitsara, Abuja:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba shi lafiya. Ba a yanke hukunci sai an ga majiyyaci, amma alamomin da ka lissafa na shigar ƙwayoyin cuta ne, musamman mannewar fata ga famfon, don haka a kai shi wurin likitan mafitsara yau ɗin nan. Magani shi kaɗai ba kasafai yake isa ba, domin ƙwayoyin cutar kan yi wa kansu wani yauƙi a jikin na'urar wanda magani ba ya ratsawa, sai zazzaɓi ya sauka na ɗan lokaci, cutar kuwa tana nan.

Hanya biyu ce. Ana iya cire dukkan sassan, wato sandunan biyu da famfo da ma'ajiyar ruwan, a bari wurin ya warke. Illar hakan ita ce naman cikin mazakutar kan yi tabo ya ƙanƙance, tsawo ya ragu, sake dasawa kuma ya yi wuya matuƙa. Ɗaya hanyar, wadda wani likitan Amurka mai suna Mulcahy ya bayyana a 1996, ita ce a cire na'urar, a wanke wurin sau da dama da magunguna, a sa sabuwa nan take, kuma likitoci da yawa kan sa irin na'urar da ake lanƙwasawa da hannu, wadda ba ta da famfo, domin ta riƙe wurin. Sai dai ba a yin haka idan cutar ta shiga jini, ko nama ya fara ruɓewa, ko na'urar ta huda hanyar fitsari.

Hajiya Nas, Bukuru:
Ranka ya daɗe, likita ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne, kada kunya ta sa a kai shi kemis a tsaga kumburin ko a zuƙe shi da sirinji. Ku tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da takardun aikin da katin da ke ɗauke da sunan na'urar, kuma a auna sugansa, domin sugan da ya hau yana hana rauni warkewa.

Baban Khalifa, Jos:
Na gode ƙwarai. Takardun suna hannuna, an rubuta AMS 700 a kan katin. Yanzu za mu kama hanyar Lamingo, inda asibitin koyarwar yake, in sha Allahu.