Dan Allah wa ya san wannan motar mai taya uku ta reluwe?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Jiya muna gyara ɗakin marigayi kakana sai muka ci karo da wasu tsofaffin hotuna a ƙasan akwatinsa, shi dai ma'aikacin reluwe ne a nan tashar Kaduna Junction har ya yi ritaya, kuma an taɓa tura shi kwas Ingila. To a hoto ɗaya yana tsaye jikin wata mota da ban taɓa ganin irinta ba, taya ɗaya ce tal a gaba biyu a baya, hancinta a dunƙule kuma tana jan tirela, an rubuta British Railways a jikinta. Ɗaya hoton kuma a nan gida ne, lori ce mai dogon bonet da bodin katako, sitiyari a dama, sai dai rubutun gaban ya goge. Wlh ina so in san sunansu ne don in rubuta a baya kafin yaranmu su taso ba wanda zai faɗa musu.

Injiniya_Barnawa:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan kaka. Ta farkon nan ba sai na ga hoto ba, Scammell ce, a garin Watford ake ƙera su a wancan lokacin. Amma iri uku ne fa sai ka duba da kyau. Ta farko ita ce Mechanical Horse wadda ta fito 1934, sunan ma na nufin dokin inji don dawakan da ke jan kaya daga tasha zuwa kantuna ta zo ta gada, kanta kamar akwati yake kuma da katako aka haɗa shi. Sai Scarab daga 1948 zuwa 1967, ita ce mai dunƙulallen hanci na ƙarfe, scarab ɗin buzuzu ne kuma in ka kalli gaban za ka ga ta yi kama da shi, injinta yana ƙasa a bayan direba. Ta ƙarshe Townsman, 1964 zuwa 1968, kanta na faiba ne. Yadda ka kwatanta ɗin nan inaga Scarab ce, ko mai tan 3 ko mai tan 6. Kuma rubutun ma zai taimake ka, British Railways 1948 aka kafa ta, a 1965 suka gajarta sunan ya koma British Rail, kaga hoton ba zai yi nisa da tsakanin nan ba.
Abin da ya sa reluwe ta so su shi ne juyi, tana juyawa a lungun da babbar mota ba ta isa ta shiga ba, sannan direba baya kawai zai yi ya cafki tirela ba sai ya sauko yana ɗaure-ɗaure ba, ya ajiye wannan ana lodi ya ja waccan ya wuce.

Ummu Sadiq:
Ikon Allah, kenan tun kafin Keke Napep an yi mai taya uku da ke jan tan 6. Allah ya kai rahama kabarinsa. Ka ɗauki hotunan a waya tun yanzu kar damina ta ƙarasa su.

Baba Makaniki Panteka:
Ɗana, ta biyun nan kar ka yi saurin sa mata suna. Mutanenmu duk lorin da suka gani mai bonet da bodin katako sai su ce Bedford, alhali akwai Austin akwai Albion akwai Morris duk sun yi aiki a ƙasar nan. Ka samo gilashin ƙara girma ka dubi saman lagireto, ko rubutu ya goge tambari ba ya ɓacewa gaba ɗaya. In ka ga kamar rana tana fitowa to Albion ce ta Glasgow. In wata dabba ce mai fukafukai riƙe da tuta to Bedford ce, kuma in laka-gad ɗin gaba ya haɗe da bonet ya yi sulɓi to Bedford samfurin J ce, wadda suka fara a 1958, na kwance injinta ban san iyaka ba. Samfurin TK kuwa ba ta da hanci sam, kar ma ka sa ta a lissafi. Sitiyari a dama ɗin nan daidai ne, ai sai 1972 muka koma bin hannun dama a kan titi, kafin nan irin na Ingila muke yi.

Injiniya_Barnawa:
Gaskiya ne Baba, sai dai sitiyarin kaɗai ba zai yanke shekara ba tunda tsofaffin sun ci gaba da aiki bayan 1972.

Baba Makaniki Panteka:
Haka ne, ni ma na gyara su da yawa bayan canjin. Ya duba lambar motar in tana fitowa.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake dubawa, ta farkon Scarab ce kam, hancin ƙarfe ne a dunƙule yadda Injiniya ya faɗa, har na rubuta a baya. Ta biyun tambarin ya yi ƙanƙanta, lambar kuma ƙafar kaka ta tare rabinta. Baba in kun yarda ranar Asabar bayan azahar zan kawo muku hoton Panteka ku gani da idonku, ku turo min kwatance ta saƙo.